Idan ciwon jijiyar fuska ya dawo bayan tiyata

Wanda aka yi wa tiyatar ciwon jijiyar fuska ya samu lafiya ba ya manta ranar da ya fara wanke fuska babu fargaba. Shekara uku ta wuce, ko biyar, har ya saki jiki ya daina yawo da ƙwayoyin magani a aljihu. Ran nan yana goge haƙora sai ya ji wani ɗan zafi ya gilma ta gefen leɓensa, bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Ba sai an faɗa masa ba, ya gane baƙon. Kafin wata ya zagayo abin ya dawo da ƙarfinsa, kuma maganar da yake isa gaban likita da ita guda ce: a sake yi mini abin da aka yi wancan karon.

Babu mai ganin laifinsa. Aikin nan shi ya mayar masa da ci da magana da dariya, me zai hana a maimaita? Sai dai a wannan ciwo tiyata ta biyu ba ta zama maimaicin ta farko. Wurin da za a shiga ya riga ya yi tabo, jijiyar an taɓa ta sau ɗaya, wani lokacin ma zafin da ya dawo ba shi ne na da ba, kama ce kawai. Likitan da ya sa ranar aiki bai tantance waɗannan ba yana iya barin mara lafiya cikin halin da ya fi wanda ya zo da shi muni.

Akwai wata 'yar tangarɗa ta harshe da ya kamata a kawar tukuna. Da zaren da ke kai saƙon ji ƙwaƙwalwa, da bututun da jini ke bi, duk jijiya muke ce musu, alhali wannan ciwo rigima ce tsakanin su biyun. Don haka idan na ce jijiya, mai kai saƙo nake nufi, ɗayar kuma zan kira ta hanyar jini. Jijiyar da ake magana a kai ita ce ta biyar cikin 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓari na kai. Likitoci na ce mata tirajeminal saboda rassanta uku: na sama yana ɗauko ji daga goshi da ido, na tsakiya daga kunci da gefen hanci da leɓen sama, na ƙasa daga muƙamuƙi da leɓen ƙasa da gefen harshe, kuma shi ke ɗauke da zaren da ke motsa tsokar tauna. Motsa fuska aikin jijiya ta bakwai ne, shi ya sa karkacewar baki wata matsala ce daban.

Ciwon yana da siffar da ba ta ɓuya. Zafi ne irin na jan wutar lantarki, a ɓari guda na fuska, yana ɗaukar ƙasa da daƙiƙa zuwa minti biyu ya sake, kuma abu mara ƙarfi ne ke tada shi: taɓa fata, tauna, magana, aski, ko iska mai sanyi. Ya fi kama mata, ya fi zuwa bayan shekara 50, kuma ya fi son ɓarin dama. Wani likitan Faransa, Nicolas André, ya raɗa masa suna a 1756, John Fothergill kuma ya yi cikakken bayaninsa a Landan a 1773. Maganin da ya fi amfani sai a 1962 aka samu, da aka gano cewa kabamazefin, wanda aka fi sani da maganin farfaɗiya, yana kwantar da shi. Har gobe da shi ake farawa, ko da ɗan'uwansa okskabazefin. Sai magani ya gaza, ko jiri da barci da tangaɗi sun fi ƙarfin mai shansa, sannan ake zancen tiyata.

A yawancin masu ciwon, wata hanyar jini mai bugawa ce ke kwanciya a kan jijiyar daidai inda take shiga gindin ƙwaƙwalwa. Kowane bugun zuciya duka ne a wurin. Shekara da shekaru rigar da ke lulluɓe da zaruruwan jijiyar na cinyewa, kamar wayar wuta da robarta ta ɗaye, sai saƙon taɓawa ya tsallaka layin zafi. Walter Dandy ne ya lura da haka a Amurka ya rubuta a 1934, James Gardner ya gwada raba su a 1959, sannan Peter Jannetta ya shigo da madubin tiyata mai ƙara girman ƙananan abubuwa daga 1967 ya mayar da aikin abin da ake yi a duk duniya. Ana huda ƙoƙon kai a bayan kunne, a bi ta gefen ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, a ɗaga hanyar jinin daga kan jijiyar, a cusa ɗan curin audugar roba da ake kira Teflon a tsakaninsu. Ba a yanka jijiyar, ba a ƙona ta. Wannan ne kaɗai aikin da ke nufin tushen ciwon.

Alƙaluman da har yanzu ake dogaro da su sun fito ne daga birnin Pittsburgh na Amurka, daga marasa lafiya 1,185 da aka yi wa aikin cikin shekara 20, aka wallafa a 1996. Bayan shekara 10, kashi 70 cikin 100 ba su da zafi kuma ba sa shan magani, idan aka haɗa da waɗanda sai da aka sake buɗe su. Kashi 30 ciwon ya dawo musu, kashi 11 aka yi musu aiki na biyu. Galibin dawowar cikin shekara biyun farko ta faru, kuma wanda ya kai shekara 10 lafiya, haɗarin dawowar a kowace shekara bai kai kashi 1 ba. Mutum biyu sun rasu, 16 sun rasa jin kunnen ɓarin da aka yi aikin. Abubuwa huɗu suka fi yawa a cikin waɗanda ciwon ya dawo wa: kasancewa mace, daɗewa da ciwon fiye da shekara takwas, samun cewa hanyar jinin da ke danne jijiyar marar bugu ce mai mayar da jini zuciya, da kuma rashin ɗaukewar zafin nan take bayan aiki. Wato dawowar ciwon ba baƙon abu ba ne, kuma ba lallai ta zama shaidar sakaci ba.

Sauran hanyoyin duk dangi ɗaya ne, kuma dabararsu akasin ta Jannetta ce: a ji wa jijiyar rauni da gangan, daidai gwargwado, don ta daina kai saƙon zafi. Uku daga cikinsu da allura ake yi. Ana soka ta a kunci kusa da gefen baki, a bi da ita ta wata kafa ta halitta a gindin ƙoƙon kai har ƙullin da rassan uku ke haɗuwa, hanyar da Bajamushe Fritz Härtel ya zayyana fiye da shekara 100 da suka wuce. Idan an isa, ko a ƙona zaruruwan da zafin lantarki kamar yadda Sweet da Wepsic suka bayyana a 1974, ko a zuba ruwan giliserol, ko a hura wata 'yar balan-balan ta matse ƙullin na ɗan minti, dabarar Mullan da Lichtor ta 1983. Na giliserol ma tsintuwa aka yi. A Suwidin ana amfani da shi wajen kai garin wani ƙarfe wurin don ya fito a hoto, sai aka ga marasa lafiya suna warkewa tun ba a yi musu aikin da aka shirya ba, Sten Håkanson ya wallafa a 1981. Ta huɗu ita ce gashi da haske, wato gasa jijiyar da haskoki, wanda aka fi sani da sunan na'urar Gamma Knife ta Lars Leksell. Babu yanka, babu allura a jijiya, ana tara haskoki masu yawa ne su haɗu a ɗigo guda na jijiyar.

Duk huɗun da abu ɗaya ake biyan su, wato jin fuska. Zafi ya tafi, wani yanki na kunci ko leɓe ya sage, kamar yadda baki ke yi bayan allurar cire haƙori. Sau da yawa gwargwadon sagewar, gwargwadon daɗewar sauƙin. Idan jijiyar ta farfaɗo, ji ya dawo, zafin ma kan biyo shi. To, jin fuska ajiya ce mai iyaka. Kowane aiki na rauni ɗiba yake yi daga cikinta, kuma abin da aka ɗiba ba koyaushe yake komawa ba. A ganina wannan ne lissafin da ya kamata a shimfiɗa wa duk wanda ciwon ya dawo wa kafin a ambaci sunan wata na'ura: nawa aka riga aka kashe, nawa ya rage.

Shi ya sa tambayar farko ita ce ko zafin nan shi ne na da. Amsar a bakin mara lafiya take, hoto ba ya ba da ita. Idan har yanzu fizga ce irin ta lantarki, tana zuwa ta wuce, taɓawa na tada ta, tsakanin fizga da fizga fuska lafiya lau, kuma kabamazefin na rage ta ko yaya, to tsohon ciwon ne, kuma tiyata na da abin da za ta yi masa. Idan kuwa ya ce wurin ƙuna yake, ko zugi, ko kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fata, safe da dare babu hutu, sannan ka taɓa wurin ya ce bai ji sosai ba, magana ta canza. Wannan kukan jijiyar da ta ji rauni ne, kuma sau da yawa aikin baya ne ya jawo shi. Ƙarin ƙuna ko yanka a kan irin wannan jijiya zuba fetur ne a wuta.

Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da likitocin fannin suka fi tsoro: fuska ta mutu murus, ka soka mata tsinke ba ta ji, amma mai ita yana jin zafi mai ci a cikinta ba dare ba rana. Ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru babu tiyatar da ke da tabbacin cire shi, magunguna ma kaɗan suke taɓukawa. Haɗarinsa na ƙaruwa da yawan raunin da aka tara wa jijiyar. Wanda ya zo da fizga ya koma da wannan, an gudu ba a tsira ba. Akwai kuma masu haɗa biyun, fizga a sama, zugi a ƙasa. Irin su ya kamata a gaya musu gaskiya tun da wuri cewa tiyata ta fi iya kashe fizgar, zugin kuwa yana iya zama daram.

Sai a sake duba ko tun farko an kama sunan ciwon daidai. Ƙari a kusurwar da jijiyar ke bi yana kawo irin wannan zafi, haka ma cutar MS mai cin rigar jijiyoyi a cikin ƙwaƙwalwa. Matashin da ciwon ya kama, ko wanda ya kama shi ɓari biyu, ko wanda ya zo da sagewa tun ba a taɓa shi ba, dole a nemi waɗannan. A mai MS kowane irin aiki sauƙinsa ya fi gajarta, saboda ɓarnar tana can ciki inda wuƙa ba ta isa. Haƙori ma na yaudara ta fuska biyu: da yawa an cire musu lafiyayyun haƙora kafin a gane jijiya ce, kuma wanda ya saba da ciwon jijiya yana iya ɗora mata laifin haƙorin da ya tsage da gaske. Zafin da ke biyo bayan ƙurajen da ƙwayar ƙarambau ke fesowa idan ta farka bayan shekaru shi ma daban ne, tiyatar nan ba ta yi masa.

Hoton MRI dole ne, amma a karanta shi da taka-tsantsan. Mutane da yawa masu lafiya idan aka ɗauke su za a ga hanyar jini ta jingina da jijiyar, ba su taɓa jin komai ba. Abin da ke da nauyi shi ne a ga ta ture jijiyar, ko ta lotsa ta, ko jijiyar ta rame. Bayan aikin farko hoton ya ƙara rikicewa, domin auduga da tabo sun cakuɗa a wurin. Shi ya sa takardar da likitan farko ya rubuta bayan ya fito daga ɗakin tiyata ta kan fi sabon hoto amfani. A cikinta ne za a ga wace hanyar jini ya samu, ta danne sosai ko taɓawa kawai ta yi, me ya sa a tsakani, ya taɓa jijiyar ko bai taɓa ba. Duk wanda aka yi wa wannan aiki ya nemi kwafinta ya adana.

Kafin wuƙa kuma akwai komawa magani, abin da mara lafiya kan raina saboda ya taɓa gaza masa. Alhali bayan tiyata maganin da ya gaza a da yakan yi aiki, wani lokaci da ƙaramin awo. Ana iya haɗa shi da lamotirijin, ko gabafentin, ko bakulofen, ana auna gishirin jini lokaci-lokaci domin kabamazefin da okskabazefin na saukar da shi. Ciwon kansa ma yana da ɗabi'ar lafawa na watanni ya sake tashi. Idan ya yi tsananin da mutum ya kasa ci da sha, akwai magungunan da ake ɗura masa ta jini a asibiti su sauke wutar, irin su fosfenitoyin da lidokein. Wannan na da muhimmanci, domin wanda ya kwana huɗu bai iya haɗiye ruwa ba zai sa hannu a kowace takarda aka miƙa masa. Shawarar da za ta taɓa fuskarsa har ƙarshen rayuwa ba a irin wannan hali ya kamata ya yanke ta ba.

Idan an tabbatar tsohon ciwon ne kuma magani ya sake gazawa, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo yana ba da labari. Wanda ya farka daga aikin farko da zafinsa, ko ya dawo masa cikin 'yan makonni, zato ya fi karkata ga cewa akwai hanyar jinin da ido ya tsallake. Jijiyar na da tsawo, wata ƙaramar hanya na iya ɓuya a gabanta ko a ƙarƙashinta, a ɗaga babbar da ta fito fili a bar mai laifin. Wanda kuwa ya yi shekaru lafiya, alama ce an kama tushen da gaske, wani sabon abu ne ya shiga tsakani.

A nan gizo ke saƙa, domin sau da yawa sabon abin shi ne audugar da aka sa don ta yi kariya. Takan zame, hanyar jinin ta koma mazauninta. Takan manne da jijiyar ta taurare, sai ta riƙa isar da bugun da aka sa ta tare. A wasu kuma jiki ne ke ɗaukarta baƙuwa ya kewaye ta da kumburi, har ta zama dunƙule mai tauri da ke danna jijiyar da kansa, wani lokaci ya fito a hoto kamar ƙari. Wannan ne ya sa likitoci da yawa yanzu suka fi son janye hanyar jinin gefe su ɗaure ta ko su manna ta da bangon wurin, su bar jijiyar babu abin da ke taɓa ta. Ban da auduga, hanyoyin jini na ƙara tsawo da lanƙwasa yayin da mutum ke manyanta, wata sabuwa na iya sauka inda ta farko ta tashi. Hanyoyin jini marasa bugun nan kuma, idan aka ƙone ɗaya aka yanke, ƙanana kan tsiro su maye gurbinta. Tabo shi kaɗai ma na iya janye jijiyar ya karkata ta.

Wanda aikinsa na farko na allura ne ko na haske, lissafinsa daban. A wurinsa dawowar ciwon abu ne da aka san zai iya zuwa tun ranar farko. Wani rahoto daga Ankara ta Turkiyya a 2001, kan mutum 1,600 da aka yi wa ƙuna da lantarki cikin shekara 25, ya nuna fiye da kashi 97 cikin 100 sun samu sauƙi nan take, amma bayan shekara biyar waɗanda aiki ɗaya ya riƙe ba su kai kashi 60 ba. Alherin waɗannan hanyoyi shi ne ana iya sake su, cikin yini guda, ga tsoho ko mai ciwon zuciyar da ba zai jure doguwar tiyata ba. Amma kowace da halinta idan aka zo maimaici. Ƙuna ta fi saiti, har ana tada mara lafiya a tsakiyar aiki ya faɗi inda yake jin motsin, sai dai idan ta taɓa reshen sama ƙwayar ido na iya rasa ji. Idon da ba ya jin ƙura ba ya ƙiftawa don kare kansa, yana iya yin gyambo mai shi bai sani ba, garin gyaran gira a rasa ido. Don haka idan zafin a goshi da ido yake, balan-balan aka fi zaɓa, domin takan ƙyale siraran zaruruwan da ke tsaron ido, ko da yake tana raunana tauna na wasu makonni. Giliserol ya fi sauƙin illa, ya fi saurin sakewa, kuma yawan zuba shi na sa wurin ya manne har na gaba ya ƙi bazuwa.

Gashi da haske shi ma ana sake shi, kuma ya fi yi wa wanda na farko ya yi masa aiki sosai na tsawon lokaci. Abu biyu ne a kula da su. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki makonni ko watanni, don haka bai dace da wanda ke cikin tsananin da ba zai iya jira ba, kuma kada a yi gaggawar cewa na farko ya gaza. Sannan hasken da jijiyar ta sha a karon farko yana nan a lissafi, na biyu a kansa yake hawa, shi ya sa sagewar fuska ta fi yawa bayan maimaici, kuma takan bayyana a makare, bayan mutum ya ɗauka ya tsallake.

Akwai wani kuskure da nake ganin ya yaɗu, wato ɗaukar cewa wanda ya fara da allura ko haske ya rufe wa kansa ƙofar buɗe kai. Binciken Pittsburgh ɗin nan ya nuna aikin rauni da aka yi a baya bai rage damar ɗaukewar fizgar ba, ko da yake waɗanda aka taɓa ƙona wa ƙullin jijiya sun fi kukan ƙuna da zugi daga baya. Saboda haka mutum mai ƙarfin jiki wanda hoto ya nuna hanyar jini ta lotsa jijiyarsa, aka yi masa allura sau biyu ciwon na dawowa, kafin ta uku ya cancanci a zauna da shi a kan ɗaga hanyar jinin. Jagoran da ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Turai ta fitar a 2019 ma wannan aikin ya sa a gaba ga irin wannan mara lafiya. Yawan shekaru kaɗai ba ya hana aikin, lafiyar zuciya da huhu ake dubawa.

Alƙaluman nasarar aiki na biyu kuwa a riƙa tauna su kafin a haɗiye. Galibinsu rahoton asibiti ɗaya ne a kan marasa lafiyar da likitocinsa suka zaɓa da kansu. Kalmar nasara ma ba ma'ana ɗaya take da ita ba. A ma'aunin da aka fi amfani da shi mai hawa biyar, hawa na ɗaya shi ne babu zafi babu magani, na uku kuwa akwai zafi amma magani na riƙe shi, kuma rahotanni da yawa na haɗa su duka su kira su nasara. Idan likita ya ambaci wani kashi, a tambaye shi: da magani ko babu, bayan shekara nawa, kuma mutum nawa ne fuskarsu ta sage.

Sake buɗe bayan kunne shi ne mafi nauyin zaɓin, kuma shi ne mafi alheri idan akwai abin da za a gyara. A karon farko likita na bin fili ne mai tsabta, komai na zaune inda aka san shi. A karo na biyu siraran mayafan da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa sun manne da juna, auduga ta kama jijiya, kuma jijiyar ji ta kunne da mai motsa fuska suna nan dab da hanya. Ɓamɓare tsohuwar auduga daga jikin jijiyar kaɗai na iya barin sagewa. Haɗarin kurumtar kunne guda, da yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta wurin ɗinki ko ta hanci, da raunin fuska, duk sun ɗara na karon farko, sakamakon kuma a dunƙule bai kai nasa ba. Hannu na da tasiri a nan. Wani bincike a Amurka a 2003 ya nuna matsaloli sun fi ƙaranci a wurin likitoci da asibitocin da suka fi yawan yin aikin, kuma idan haka ne a aikin farko, to bare na biyu. Tambayar likita sau nawa ya sake buɗe irin wannan wuri ba rashin kunya ba ce.

Sannan akwai abin da kan faru ba sau ɗaya ba: a buɗe, a duba jijiyar daga tushe har inda ta shige, a ga babu abin da ke danne ta. Likita na tsaye, kai a buɗe, zaɓi uku ne a gabansa. Ko ya rufe bai yi komai ba, mara lafiya ya farka da ciwonsa. Ko ya tsefe jijiyar, wato ya bi tsawonta da siririn ƙarfe ya rarraba zaruruwanta ba tare da ya tsinke su ba, abin da kan kwantar da zafin amma yawanci ya bar sagewa, mai sauƙi ko mai nauyi. Ko ya yanke wani sashe nata, irin aikin da Dandy ke yi tun kafin zuwan madubi, wanda ke kashe zafin da ƙarfi kuma ya kashe jin wani yanki na fuska har abada. Wani ya gwammace leɓensa ya mutu da ya sake jin fizgar nan ko sau ɗaya. Wani kuma, mai busa ko mai sana'ar magana, ko wanda ya riga ya ɗanɗani sagewa ya tsane ta, zai ce a rufe a bar shi da magani. Lokacin da za a yanke wannan hukunci mai fuskar yana cikin barcin allura, ba za a iya tada shi a tambaye shi ba. Don haka tun a ɗakin ganin likita ake tambaya, idan kun buɗe ba ku ga komai ba me za ku yi, a kuma rubuta amsar da aka amince da ita a takardar izinin aiki kafin a sa hannu.